Tsohon Badun ya fi ni sanin ƙwallon Kano

 Rubutun nan zai yi ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kuma tun kafin a je ko'ina bari in faɗa: ni ɗan Arsenal ne, ban tuba ba, ba kuma tuban na zo yi ba. Na faɗa ne don kada wani ya ce haushin Firimiya ne ya sa ni surutu.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba tun da na zo karatu Badun, yau shekara uku ke nan. Ba a aji ba, ba a gaban malami ba. A kan benci, a ƙofar gidan kallon ƙwallo.

Ni da abokin ɗakina, wani ɗan Gusau, mun shiga Sabo cin tuwo. Duk wanda ya yi mako guda yana fama da amala da shinkafar makaranta ya san dalilin da ke kai mu Sabo ranar Asabar, ba sai na yi bayani ba. Da muka gama muka gangara wajen Mokola, akwai wani gidan kallo da muke zuwa. Ana saura minti goma a take wasa aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ce bai san zancen ba. Mai gidan ya duƙufa yana ta ja, mu kuma muka fito waje muka baje a kan benci. Kun san abin da ke biyo baya. Musu.

Wani ɗan Manchester ya fara da kofi uku na 1999, wani ɗan Chelsea ya kawo daren Munich na 2012. Ni ma na miƙe na gyara tsayuwa na kawo tawa haddar: kakar 2003 zuwa 2004, wasa 38, an ci 26, canjaras 12, ba a doke mu ko sau ɗaya ba. Na jero su tun daga gola: Lehmann, Lauren, Campbell, Toure, Cole, Ljungberg, Vieira, Gilberto, Pires, Bergkamp, Henry. Ban yi tuntuɓe ko a suna ɗaya ba. Wallahi da haka nake haddace darasin da za a yi mana jarabawa a kai, da yanzu sunana na jikin allon tsangaya.

Akwai wani dattijo Bayarabe zaune a gefe, mai gyaran agogo da rediyo ne, teburinsa na jingine da bangon gidan kallon. Zai yi shekara saba'in ko ya ɗan haura. Yana sanye da wata shuɗiyar riga da ta koɗe. Na sha ganinsa a wurin, ban taɓa ce masa ko sannu ba. Sai kawai na ji an ce da Hausa, Hausa kuwa tsaf:

"Yaro, shekararka nawa a 2004?"

Na ce, "Biyu, Baba."

Ya ce, "Ashe a goye ka kalla."

Wurin ya ɗauki dariya, har da waɗanda ba su jin Hausa, don an fassara musu nan take. Na yi yaƙe. Ya ce daga ina nake, na ce Kano. Ya ce Kano ciki ko Kanon baki? Na ce ciki, Fagge. Ya ajiye agogon da ke hannunsa ya ce, "To ɗan Fagge, wa ya ci kofin lig na Nijeriya a 1978?"

Na ce Pillars.

Baban nan ya yi dariya har da tari. Ya ce a 1978 ko cikin Pillars ba a ɗauka ba, sai 1990 aka kafa ta. Ya ce ƙungiyar garinku ce ta ci, sunanta Raccah Rovers. Ya ce, "Ka san sunan golan Landan na shekara ashirin da suka wuce, ba ka san garinku ya taɓa riƙe ƙasar nan gaba ɗaya ba."

Wutar ba ta dawo ba sai da aka kusa tafiya hutun rabin lokaci, kuma da ta dawo ban shiga ba. Abokina ya shiga ya bar ni. Ni na zauna wajen Baba, don akwai kunyar da guduwa ke ƙara mata nauyi.

Abin da ya fara ba ni shi ne nasa labarin, na 1976. A lokacin ana kiran ƙungiyarsu IICC Shooting Stars, ita ce 3SC ta yanzu da ke wasa a filin Lekan Salami da ke Adamasingba, nan kusa da Sabo, inda da yawanmu muke wucewa a kan acaɓa ba mu ko ɗaga kai. A shekarar suka ci lig ɗin Nijeriya, kuma a shekarar suka ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofin ƙalubale a ƙasashensu. Kafin su babu wani kulob na Nijeriya da ya taɓa ɗauko kofin nahiya. Wasan ƙarshe da Tonnerre ta Yawunde suka yi, wadda ita ke riƙe da kofin, kuma Roger Milla na cikinta. E, Millan da kuka sani, mai rawa a jikin tutar kwana a gasar duniya ta 1990, a lokacin yana saurayi. Suka ci 4 da 1 a Legas, aka ci su 1 da nema a Kamaru, kofi ya taho Badun.

Ku ga yadda yake faɗin sunayen. Best Ogedegbe a raga. Sam Ojebode kyaftin. Kunle Awesu. Muda Lawal a tsakiya, wanda makanike ne kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Sai Segun Odegbami, wanda mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ya laƙaba wa "Mathematical". Ni lokacin da nake jero 'yan Arsenal kamar mai biya karatun allo nake yi. Shi kuwa kowane suna sai ya tsaya a kansa. Ya ce wannan ga yadda yake gudu, wannan ga unguwar da yake zama, wannan na taɓa gyara masa rediyon mota. Da ya zo kan Muda, wanda ya rasu a 1991, sai ya yi shiru ya ɗauki agogon nan yana jujjuya shi, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Ban san lokacin da na ce Allah ya jiƙansa ba. Ya ce amin.

Daga nan ya shiga 1977, kuma a nan ne labarin ya biyo ta gidanmu. A shekarar IICC ta haɗu da Rangers ta Inugu a wasan kusa da na ƙarshe na wannan kofin dai. Ku tuna shekara bakwai kacal da gama yaƙin basasa. Rangers a wurin 'yan ƙabilar Ibo ta wuce kulob, ita ce abin da suka miƙe da shi bayan yaƙi, IICC kuma ita ce idon Yarbawa. Wasan farko a Legas aka tashi babu ci. Zafin abin ya kai har aka ɗauke wasa na biyu aka kai shi Kaduna. Baba ya ce jirgin ƙasa suka hau daga Badun, shi da abokansa, ba su da kuɗin masauki, wani mai shayi ne kusa da tasha ya bar su suka kwana a rumfarsa, da safe ya ƙi karɓar kuɗin shayi. A Kaduna ma babu wanda ya ci, aka je bugun fenariti, Rangers ta yi nasara, ta wuce ta ci kofin. Ya ce tun daga Kaduna har Minna babu wanda ya yi magana a taragonsu. Bayan wannan tafiyar ne ya koma Arewa neman aiki, ya zauna Kaduna, ya zauna Sabon Garin Kano, a can ya samo Hausar da ya yi mini bulala da ita.

To sai Raccah. Ya ce in lissafa da kaina in gani. An fara lig na ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ci na farko. 1973 Bendel Insurance. 1974 da 1975 Rangers. 1976 IICC. 1977 Rangers. 1979 Bendel Insurance. 1980 IICC. Wato a tsakiyar zamanin da waɗannan manyan suke cin kofin Afirka, suke cika tawagar Green Eagles da 'yan wasansu, wata ƙungiya daga Kano ta kutsa ta ɗauke kofin 1978. Ba a lokacin da lig ya mutu ta ci ba, lokacin da yake da haƙora ne. Kuma daga wannan shekarar Kano ba ta sake ganin kofin lig ba sai 2008, da Pillars ta ci a hannun koci Kadiri Ikhana. Shekara talatin cif.

Ya ce Felix Owolabi, wanda mutanen Badun ke ji da shi har gobe, daga Raccah ya taho wurinsu. "Ku kuka rena mana shi." Ya ce a tawagar da ta ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko a 1980, wadda ta doke Aljeriya 3 da nema a Legas, akwai Shefiu Mohammed na Raccah. Odegbamin ma da ya ci biyu a wasan, a Jos ya tashi. Sannan ya jefo wadda ta sa na ce a raina tsohon nan ya fara ƙari: wai Pele ya taɓa buga wasa da Raccah Rovers. Na yi murmushi irin na ladabi. Da na koma ɗaki na duba. Gaskiyarsa. Watan Afrilun 1978, a Kaduna, Pele ya sa rigar Fluminense ta Brazil ya buga da Raccah Rovers, baƙin suka ci 2 da 1. Pele fa. Da ƙungiyar Kano. Ni da nake iya faɗa muku minti nawa Henry ya ci Tottenham, ban taɓa jin wannan ba a rayuwata.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in haɗiye kunyata in yi shiru.

Mu ɗaliban Arewa muna da son tuna baya a harkar ƙwallo, kamar kowa. Ku shiga kowane ɗakin kwanan ɗalibai da dare, daga nan har Nsukka har Fatakwal, za ku tarar da namu suna musun wa ya fi tarihi. Amma duk abin da muke tunawa na aro ne. Ɗan Liverpool yana ba da labarin Istanbul 2005 har muryarsa na rawa, alhali a lokacin ko tafiya bai fara ba. A YouTube ya gani, kamar yadda ni ma na ga tawa. Ba mu je ba, ubanninmu ba su je ba, babu wanda muka sani da ya kwana a rumfar mai shayi saboda wasan. An shirya mana labarin ne a Ingila, an yanka shi minti takwas, an sa masa kiɗa, mu kuma muka haddace muna cewa "mu". Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar Asabar na ga inda nawa ya tsaya. Tambaya ɗaya aka yi mini ya zame.

Abin da Baba ke da shi daban ne. Labarinsa akwai kuɗin jirgi a ciki, akwai yunwa, akwai mutanen da ya sani da suka mutu. Idan ya ce "mun ci", yana da hakkin wannan "mun" ɗin. Kuma bai bar shi a cikinsa ba. Yaran da ke zaune a wurin, 'yan shekara sha biyar, sha shida, masu rigar Chelsea da Barcelona, da ya ce 1976 sai da suka amsa masa da "Up Shooting". Sun san Odegbami. Sun san Muda. An gaya musu a gida. Mu wa ya gaya mana?

Na san abin da wasunku za su ce, don abokin ɗakina ya riga ku faɗa a daren. Ya ce tuna baya shi ne roƙo. Ya ce tsofaffin nan suna maƙale da 1976 ne don ba su da na yau: kofin lig na ƙarshe da suke lissafawa na 1998 ne, sun faɗa rukuni na biyu ba sau ɗaya ba, to me ya rage musu in ba labari ba? Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Tuna baya yana iya zama wurin ɓuya. Kulob zai iya lalacewa a hannun masu riƙe da shi, magoya baya kuma su yi ta lasar tsohuwar zuma suna cewa ai mu manya ne. Kuma tsofaffi suna ƙari, wannan ba sabon abu ba ne. A bakin Baba, duk ƙwallon da Odegbami ya ci daga tsakiyar fili ya taso da ita, ya yanke mutum shida.

Amma ku duba ɗaya gefen. Shooting Stars ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi, har yau tana nan, kuma ranar wasa Adamasingba na cika. Me ya hana ta mutuwa? Akwai dubban mutane a garin nan da ba za su yarda a bar ta ta mutu ba, saboda abin da suka gani ko aka ba su labari. Rangers ta yi shekara 32 ba ta ci lig ba, daga 1984 har 2016, mutanen Inugu ba su sake ta ba, ta dawo ta ci, ta kuma ƙara a 2024. Raccah Rovers fa? Ta ci kofi, ta buga da Pele, ta ba ƙasa 'yan wasa, yau babu ita, kuma ɗan Fagge mai shekara ashirin da 'yan kai, ɗan jami'a, wanda ke kiran kansa masanin ƙwallo, bai taɓa jin sunanta ba. Idan tuna baya roƙo ne, to su sun roƙa sun samu. Mu da ba mu tuna ba me muka tsira da shi?

Wani kuma zai ce ai laifin lig ɗinmu ne. Ba a nuna shi yadda ya kamata, filaye ba kyau, mai gida ne ke ci kullum, wani lokacin a bi alƙalin wasa da duka. Duk na yarda, kuma mu magoya bayan Arewa ba mu da bakin musu a kan na ƙarshen, mun san abin da ya sha jawo wa ƙungiyoyinmu hukunci. Ni ban ce kowa ya daina kallon Firimiya ba. Baba kansa yana kallo, ɗan Liverpool ne ma, abin haushi. Abin da na ce shi ne kallon na waje bai hana shi sanin na gida ba. Mu ne muka ɗauka sai an zaɓi ɗaya.

Kuma abin bai tsaya kan Raccah ba. 'Yan Kaduna, ku nawa ne kuka san Ranchers Bees ta je wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, ta kara da Bizerte ta Tunisiya, sannan ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya fito? 'Yan Maiduguri ku kam an ɗan tuna muku da El-Kanemi ta ci kofin ƙalubale a 2024, amma kafin nan wa ke maganar 1991 da 1992 da ta ci shi a jere? Wikki ta Bauchi ta ci a 1998. Niger Tornadoes ta ci a 2000. 'Yan Jos, Mighty Jets ɗin da Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa, ta su Sam Garba da Ismaila Mabo, ita ce zakarar farko a tarihin lig ɗin ƙasar nan. Mabo ya rasu a 2023. Mu nawa ne muka san ko wane ne shi a ranar da aka sanar?

Kai, ko Pillars ɗin da muke ihun "Sai Masu Gida" a kanta. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, ta je har wasan kusa da na ƙarshe. Ta ci lig sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. Wannan jiya-jiya ne. Amma ku tambayi ƙanenku mai shekara sha huɗu ya faɗa muku mutum biyar na wancan zubin in ban da Rabi'u Ali da Ahmed Musa, ku ji. Hanyar da Raccah ta bi ta ɓace, ita wannan ma ta kama.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman, mu da muke karatu a Kudu. Kun san yadda ake kallonmu. Aboki. Mai suya, mai acaɓa, mai canji, mai gadi. Sana'o'i ne na halal kuma ba na jin kunyar ko ɗaya, amma kun san iya nan hoton ya tsaya a idon mutane da yawa. Sau nawa aka ce maka "ba ka yi kama da Bahaushe ba" don ka amsa tambaya a aji, ana nufin yabo? Waɗanda suke garin nan a Fabrairun 2021 kuma sun san abin da ya faru a kasuwar Sasa, sun san yadda 'yan kwanakin nan suka kasance ga duk mai kama da mu. Ban ce ƙwallo za ta gyara wannan ba, ban kai wannan wautar ba. Amma a shekara ukun da na yi a nan, ranar Asabar ce rana ta farko da wani dattijon garin ya yi mini maganar Kano a matsayin abokiyar hamayyar da ake jin tsoro, garin da in za ka je wasa sai ka yi shiri. Ya miƙo mini girman garinmu a hannu, ni kuma ban san ma nawa ba ne. Da na sani, da hirar ta zama ta mutum biyu masu abin faɗa. Sai ta zama shi yana bayarwa, ni ina karɓa kamar almajiri.

Ranar Lahadi na kira kawuna. Shekararsa sittin da takwas, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mutum ne da in kun yi waya minti biyu ya yi yawa: lafiya, ya karatu, a dage, sai anjima. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, wai ka san Raccah Rovers?"

Shiru. Har na duba ko layin ya yanke.

Sai ya ce, "Wa ya gaya maka Raka?"

Na ce wani Bayarabe ne a Badun. Ya ce, "Ikon Allah."

Minti arba'in da uku. Katina ne ya ƙare, ba maganarsa ba. Ya ba ni labarin yadda suke tafiya filin Sabon Gari a ƙafa tun bayan azahar, yadda in babu kuɗin shiga suke jira a buɗe ƙofa ana kusa da tashi su ruga su ga ƙarshen wasa, yadda mahaifinsu, wato kakana, ya taɓa zane shi don ya tsallake makarantar allo ya tafi kallo, washegari kuma ya ji tsohon da kansa yana tambayar maƙwabci nawa-nawa aka tashi. Ban taɓa jin kawu yana dariya irin wannan ba. Ban ma taɓa jin wani labari a kan kakana da ba na faɗa ko na salla ba sai ranar. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya da mutumin nan. Yana ganina ina fita da rigar Arsenal duk mako, bai taɓa cewa komai ba. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ya ce, "Ka taɓa tambaya?"

Wani abu ya ɗan tsorata ni a hirar. Da na ce ya faɗa mini 'yan wasan, laƙabinsu yake tunawa, kun san 'yan ƙwallon da da laƙabi aka fi saninsu. Sunayen gaskiya sun fara kuɓuce masa. Yana cewa, "wannan dogon, ɗan unguwar su wane, bari zai zo mini." Ya ce wanda ya fi shi riƙe waɗannan abubuwa abokinsa ne, kuma ya rasu bara waccan. Wanda ya kalli kakar 1978 yana ɗan shekara ashirin, yau yana dab da saba'in. Mutanen Arsenal suna da faifan kowane wasa na 2004, ko duk magoya bayansu sun ƙare labarin na nan. Namu a kan dattawa yake, kuma abin da ke intanet a kansa bai fi ka karanta kafin shayinka ya huce ba.

Shi ya sa nake roƙon mu, hutun nan da ke tafe in Allah ya kai mu. Kowa yana da waya mai ɗaukar murya. Wayar da muke cika ta da hotunan Saka da Yamal za ta iya ɗaukar minti talatin na kawu ko baba ko tsohon maƙwabci. Ka zauna, ka sayi goro ko lemo, ka ce a ba ka labarin ƙungiyar garinku. 'Yan mata ma ban cire ku ba, iyayenmu mata sun san wanda ya sayar da kekensa don ya bi ƙungiya Legas, sun san ranar da aka ƙi cin tuwo a gida don an sha kashi. Ku tambayi ko akwai tsohon hoto, ko tikiti, ko guntun jarida a ƙasan akwati. Masu karanta tarihi da aikin jarida da ke ta neman abin da za su rubuta a kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gidanku, kuma ba sai kun kwafo na wani ba. In mun dawo mu haɗa abin da muka samo, ko a nan ne. In labarin wani ya saɓa da na wani, a bar su duka, a rubuta wa ya faɗa.

Jiya na koma Mokola, na kai wa Baba agogon hannuna da ya shekara ba ya tafiya, don in sami dalilin zama. Na gaya masa na kira kawu. Ya ji daɗi sosai, ya ce in gaishe shi, in ce masa wani ɗan IICC yana tambaya ko har yanzu suna jin haushin Owolabi. Mun yi alkawari duk ranar da Pillars ta zo Adamasingba tare za mu shiga, shi da shuɗiyar rigarsa, ni kuma sai na nemo ruwan ɗorawa. Ya ce shi zai saya mini tikiti, amma da sharaɗi: in kawo masa cikakken sunan 'yan wasan Raccah biyar, ba laƙabi ba. Owolabi da Shefiu Mohammed ya ce ba za a lissafa ba, tunda daga bakinsa na ji su.

Don haka 'yan Kano da ke nan, musamman na Fagge da Sabon Gari da Birged, ku taimaka ku tambayo mini a gida. Biyar nake nema, kuma har yanzu ko ɗaya ban da shi. Agogon ma ya ce batir ne kawai, ɗari biyar.